Ƙyastun da Ya Shiga a Juye

"Kowa ya kwanta! Ƙasa — ƙasa na ce!"

Darlene na cikin a-kori-kura a ƙofar kantin jingina na garin Dry Fork, inji a kunne, amma har nan muryar Royce ta iso ta. Rana tsaka ce. Ta gilashin kantin tana hango mijinta Lyle yana kwasar sarƙoƙi da bindigogi yana durawa a jaka, yayansa Royce kuma ya saita wa mai kantin bindiga. Mai kantin, tsohuwa Bernice, ba ta kwanta ba. Matar da ta binne maza biyu, ta kuma harbe ƙatuwar dabbar dajin nan beyar a bayan gidanta, ba 'ya'yan Tackett ne za su kwantar da ita ba.

Hannun tsohuwar ya yi ƙarƙashin teburin kantin. Royce ya ja kunama —

Ƙat! Babu wuta.

Bindigar da Bernice ta zaro kuwa ba ta yi gardama ba. Tau! Lyle ya durƙushe. Royce ya sake ja, wannan karon ta tashi, amma tsohuwa ta riga ta nutse bayan tebur, agogon bango ne ya sha harsashin. Ya ciccibo ƙanensa, ya jefa shi cikin mota.

"Mu ware! Taka, Darlene — taka!"

Ta taka. A mararraba ta karya kan mota hagu.

"Ina za ki?"

"Asibiti! Ba ka ga cinyarsa ba?"

"Dama! Garejin Kawu!" Bakin bindiga ya taɓa haƙarƙarinta. "In mun huce sai mu kai shi wurin likitan shanu. Dama na ce!"

Ta yi dama, tana kuka tana zagi.

Can a kanti, Hoyt, mataimakin sherif, wato shugaban 'yan sandan yankin, ya tarar da Bernice tana share gilashi.

"Na sami ɗaya a cinya," in ji ta. "Dogon ne ya so ya aika ni lahira, bindigarsa ta yi masa ƙarya. Harsashin ɗurin gida ne, Hoyt, na sa kaina. Harsashin kanti ba ya haka."

"Rabin mazan yankin nan ɗurin gida suke yi, Inna."

"To ka nemo wanda ba su iya ba."

Hoyt ya ɗauki rediyo, ya ce a tare duk hanyoyin fita. Shi kuma ya bi ta gonaki a hankali, gilashi a sauke, yana sauraro.

Garejin Kawu Orval, ƙanen mahaifiyar su Royce, yana ƙarshen wata hanyar tsakuwa. A nan suke ɗura harsasansu, don wanda ya je saye a kanti ya bar fuskarsa a kyamara. Suka shimfiɗa Lyle a tsohuwar kujera. Kawu ya ɗaure cinyar da bel, Darlene ta danna tawul. Kafin a jima tawul ya jiƙe.

"Royce, ba ni makulli."

Ko kallonta bai yi ba. Makullin motar na aljihunsa. Ya buɗe bindiga, ya zaro harsashin da ya ƙi tashi, ya juya gindinsa a haske.

A gindin kowane harsashi akwai ƙyastu, ɗan maɓallin ƙarfe da bai kai ƙwayar wake ba, shi allurar bindiga ke duka ya kunna albarushi. Sumul ɗin bayansa ne ya kamata ya kalli waje. Wannan kuwa cikinsa ne a waje.

"A juye," Royce ya ce a hankali. "Kuma a bindigata. Kuma na farko."

"Yana faruwa, ɗana," in ji Kawu.

"Yana faruwa, ko ana sa shi ya faru?"

To, nan ne matsalar Royce Tackett. Tun yana yaro bai yarda akwai tsautsayi a duniya ba. In taya ta yi faci, wani ne ya dasa ƙusa. In kare ya yi haushi, wani ne ya aiko shi. Darlene ta san wannan kallon nasa.

"Yaya, don girman Allah, mu fara kai shi. In ya so ka dawo ka yi shari'arka har gobe."

"In kai shi ina? In akwai wanda ya sayar da mu, likitan shanun ma an riga an san da shi. Suna can suna jira. Ba inda za ni sai na san da wa nake tafiya." Ya nuna bencin aiki da bakin bindiga. "Injin ɗura ba ya juya ƙyastu. Yadda aka jera shi a bututu, haka yake dasa shi. Wa ya cika bututu ranar da aka yi nawa?"

"Dukanmu," in ji Kawu. "Kai ma ka sani."

"To kowa ya nuna mini yadda ya yi. Kawu, fara."

"Kai, ka haukace ne? Ƙanenka—"

"Fara!"

Tsoho ya goge jinin hannunsa a wando. Ya laluba tabarau, ya sa, don bai taɓa kusantar ƙyastu da ido tsirara ba. Ya zuba fakiti guda a faranti mai zara-zara, ya girgiza a hankali har duka suka kwanta fuska ɗaya. Ya rufe, ya kifa, ya buɗe: ga su nan, bayansu na ƙyalli. Sai ya ɗauki siririn bututun, ya fara tsinta ɗaya bayan ɗaya kamar kaza a kan tsaba. Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Darlene na jin kowace ƙara a ƙirjinta. Leɓen Lyle ya fara fari.

"Yi sauri, Kawu," ta ce.

"Ba a yi wa wannan abin sauri, 'yata."

"Ka ji shi ko?" in ji Royce. "Mai ido a kan kowace ƙwaya. Mutum irin wannan in ya juya ɗaya, ai da saninsa ne. Kawu, kai da wa kuka je farautar barewa bara?"

"Da Clement. Tun muna firamare muke tare."

"Clement tsohon ɗan sanda."

"Mutumin da ko sunan matarsa ba ya iya tunawa yanzu? Kai dalla, ji kunya."

Royce ya yi murmushin da babu daɗi a ciki, ya waiwayo. "Amarya, saura ke. Nuna mana injinki."

Darlene ba ta da haƙurin tsinta. Ita ta sayo ɗan inji mai batir: a zuba ƙyastu a farantinsa, a soka bututu, a danna, ya yi ta karkarwa yana turo su da kansu. Kawu ya tsani injin, ya ce wasan malalata ne, kuma wani lokaci yakan wuntsila ɗaya. Ta bar wa Kawu tawul, ta zo benci.

Zzzz! Ƙwayoyi suka bi layi suna faɗawa. In ɗaya ta wuntsila yanzu, ta san inda harsashi na gaba zai sauka. Ta kafa musu ido, ba ta ko ƙiftawa. Bututu ya cika. Royce ya zazzage shi a faranti a hankali, ya duba. Duka daidai.

Ta saki numfashi. Ashe ta yi gaggawa.

"Kin gani? Injinki ma ba ya juyawa da kansa. Ke nan hannu ne." Ya matso har tana jin warin tabarsa. "Kina mota ke kaɗai, da waya a jikinki. Kuma ke kika karya hagu, wajen ofishin sherif."

"Wajen asibiti, ɗan iska! Mijina ne yake mutuwa!"

"Yaya..." Muryar Lyle ce, can ƙasa-ƙasa. Duka suka juya. "Ni ma na cika guda. Ban ga farantin ba... da yatsa na yi ta jefawa. Ina kallon ƙwallo, ga giya a gefe." Ya yi ƙoƙarin dariya. "Wataƙila ni na harbi kaina."

Kawu ya dafe kai. "Da yatsa! Sau nawa zan faɗa maka?"

"To shi ke nan," in ji Darlene. "Ka ji. Makulli, Yaya."

Ta ga fuskar Royce ta motsa, ta ɗauka an gama. Ina! Mutumin da ya ƙulla zargi a ransa, gaskiya ma makirci take zame masa.

"Kāre ta kake yi. Ko a bakin kabari sai ka kāre ta, sakarai." Ya ajiye bindiga a benci kusa da hannunsa. "Da yatsa ko? Bari in gwada da kaina. In na cika bututu da yatsa, ido a rufe ma, ɗaya bai juya ba, to ƙarya kake, kuma na san wadda zan tambaya."

Ya fizgi bututu, ya juya bakinsa sama, ya fara jefa ƙwayoyi da manyan yatsunsa. Babu tabarau. Royce kullum cewa yake tabarau na tsofaffi ne da matsorata. Yana jefawa yana kallonsu, yana kallonsu yana jefawa. Lyle ya daina magana. Numfashinsa kawai ake ji, gajere-gajere.

Bututu ya kusa cika sai ɗaya ta shiga a karkace, ta tokare.

Royce ya girgiza. Ba ta motsa ba. Ya buga da yatsa. Tana nan. Ya yi tsaki, ya laluba kan benci, ya ɗauko doguwar ƙusa.

Duk wanda ya taɓa zama a garejin nan ya san dokar Kawu ta farko: ba a tilasta wa ƙyastu. In ɗaya ta tashi a cikin bututu, sauran duka binta suke yi. Kawu ya taɓa korar maƙwabci daga garejin har abada a kan wannan. Darlene ta ga bakin tsohon ya buɗe. Ta ga ya dubi Royce, ɗan yayarsa da ya goya a kafaɗa. Ya dubi Lyle. Sannan ya dube ta.

Bakin ya rufe.

Ita ma tana da baki. Kalma ɗaya ta isa. Ba ta son Royce, amma ba ta taɓa yi masa fatan wannan ba, kuma ta san har ta mutu ba za ta manta da shirun nan ba. Ta sunkuya a kan mijinta, ta rufe fuskarsa da jikinta.

Royce ya zura ƙusa, ya riƙe bututu da hagu, ya doka da tafin dama —

Daram!

Gareji ya amsa. Ƙwan lantarki ya tarwatse. Hayaƙi, wari, ihu! Royce na birgima a ƙasa, hannu ɗaya a hammata, ɗaya a kan idanu.

"Idona! Kawu — idona! Kun gani, kun yi shiru! Munafukai!"

Kawu ya shure bindigar ta faɗa bayan benci. Darlene ta durƙusa a kan Royce, ta cusa hannu a aljihunsa, ta zaro makulli. Suka kinkimi Lyle ita da tsoho, suka sa shi a kujerar gaba.

"Taho, Kawu!"

"Je ki. Wannan ma nawa ne." Ya koma ciki yana yage rigarsa don ɗaure hannun Royce.

Can ƙasan kwari, Hoyt ya taka birki. Ya san ƙarar bindiga, ya kuma san wannan ba ita ba ce. Ya juya kan mota wajen gonar Orval, yana kiran a turo masa mutane.

Darlene ta bi tsakuwa kamar za ta tashi sama. Ta yi kiciɓis da Hoyt a kwana, ta wuce shi a guje, ya juyo ya biyo ta da jiniya. Ba ta damu ba. Hannunta ɗaya a sitiyari, ɗaya cikin na Lyle, tana ta yi masa surutu.

"Da yatsa, Lyle? Kai dai ba ka ji. Bari ka warke ka ga abin da zan yi maka. Saura kaɗan. Ka ji ko? Ga kwalta nan."

A bakin gada motoci biyu sun gitta hanya, 'yan sanda a bayansu da bindigogi. Ta tsaya, ta fito, hannuwa sama.

"Ni ce direba! Sauran suna garejin Orval, ba za su gudu ba! Ku yi yadda kuka so da ni, amma ku fara da shi — ku kai shi asibiti!"

Hoyt ya zagayo, ya buɗe ƙofar mota, ya sa yatsu a wuyan Lyle. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya cire hularsa.

"Me kake jira?" ta ce. "Ɗauke shi mana!"

Hoyt ya girgiza kai a hankali.

Royce ya rasa ido ɗaya da yatsu uku, kuma da wuya ya sake ganin waje. Kawu Orval bai kai ƙarshen shari'a ba, zuciyarsa ta tsaya a gidan yari. Bernice ta sayi sabon agogo, ta buɗe kanti washegari. Darlene ta tsaya gaban alƙali ba ta musa komai ba, ba ta kuma zubar da hawaye ba, sai da likita ya hau ya ba da shaida. Lauya ya tambaye shi ko harbin na kisa ne. Likita ya ce a'a, irin wannan rauni suna ɗinke shi kusan kowace kakar farauta, mutum ya koma gida da sanda. Jini ne kawai ya ƙare masa, in ji shi, don ba a kawo shi ba.