Ɗakin da Ba a Yi wa Sallama

Ranar ma da rufe kwanuka muka fara, kamar kullum. La'asar ta yi sanyi, muna durƙushe a tsakar gidan Nas, tukunyar shinkafa a tsakiya, ta miya a gefe, tururi yana dukan fuskokinmu. Auta tana bayana tana barci. Lokacin ko zama ba ta gama iyawa ba.

Faɗa ne ya koro mutane daga garuruwansu, suka zo suka cika tsohon kamfanin sabulu da ke bayan tashar manyan motoci. Mu matan layinmu muka haɗa kai, kowace yamma mu dafa mu kai musu. Nas ce ta tara mu, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ga faɗa ga kyauta. Tun ranar farko ta kafa mana doka. Abinci hannu da hannu ake ba da shi, ba a dire wa mutum a ƙasa kamar ana ba kaji. Sannan duk abin da mai ɗaki ya ce ba ya so, ki bari, kada ki ce don me.

"Wanda ya ga abin da suka gani, ba a tsare shi da tambaya," in ji ta.

Mun kuwa ga iri-iri. Akwai dattijon da ba a haska masa tocila. Akwai matar da in ta ji ƙarar babur sai ta dunƙule a bayan ƙofa. Akwai iyayen da suka binne 'ya'yansu a hanyar gudu. Su in sun ce ki ba su jaririnki su ɗan riƙe, ba kya hanawa. Auta ta sha yawo hannu-hannu a gidan nan.

Uwar Biyu tana gefena. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata. Ita ta riƙe kaina ranar da na haifi Auta, ni kuma na shayar da tagwayenta lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita. Yaya take ce mini. A 'yan watannin nan ƙaramin tagwayen yana ta ramewa, asibiti ba su ga komai ba, sai dai da rana ta faɗi ya zuba wa lungun ɗaki ido yana kuka.

Na lura tana tsamo ƙasusuwa zalla daga miya tana cika wani kwano.

"Ke, kare kika fara kiwo a can ba mu sani ba?" na ce.

Matan suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Na tsohuwar ɗakin sama ne, Yaya. Ba ta cin tsoka, ƙashi take so."

"Tsohuwa da haƙorin ƙashi? Allah ya ba ni irin tsufanta."

Ta rufe kwanon, ta matso kusa da kunnena. Ta ce bayanta ya riƙe tun safe, ba za ta iya hawa benen ba, in taimaka in kai mata yau kawai. Na ce wannan ai ba abin roƙo ba ne. Na tashi zan miƙa Auta gida wurin yayarta, don maigida ba ya son magariba ta same ta a waje. Sai ta riƙe mini hannu.

"Tafi da ita mana. Jikar matar a bayanta ta cika suna gudu. In ta ga jariri har abinci ya fi shiga mata. Lada ne, Yaya."

Ta dubi goyona ta ce ya sassauta. Ta zare majanyin da ke kafaɗarta, wani shuɗi da na san da shi take goya ƙaramin nata, ta ɗaura mini da kanta. Sau biyu ƙullin yana kuɓuce mata. Na ɗauka ciwon bayan ne.

A motar da ke kai mu ta ƙara mini da cewa, "In kin je kada ki yi sallama. Ki ƙwanƙwasa da murfin kwano kawai. Waɗanda suka ƙone musu gari da sallama suka shigo. In ta ji kalmar, suma take yi."

Tausayi ya kama ni. Ban ce don me ba. Haka aka koya mana.

Muka isa rana tana shirin faɗuwa. Direba ya tsaya a bakin get, Uwar Biyu ta ce za ta jira a mota. Muka rarraba wa mutanen ƙasa nasu. Yara suna ta tsalle, mata suna sa albarka, ana miƙo mana kwanukan jiya a wanke. Da na gama nawa na ɗauki kwanon ƙasusuwan na bi hanyar da ta kwatanta: bayan manyan tankuna, a wuce famfo, a hau matakalar ƙarfe.

Wata mata tana wanki a bakin famfon. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi matakalar. Sai ta yi sauri ta sunkuya ta ci gaba da wankinta.

A jikin bango akwai wani allo da ya yi tsatsa. Karatuna na tsinta ne daga littattafan yarana, ba na sauri. Na tsaya na haɗa baƙaƙen: AN HANA SHIGA. Na ce a raina, wanda bai da wurin kwana ina ruwansa da allo.

Na fara hawa.

Matakalar tana amsa kowane taku. Hayaniyar yaran ƙasa ta riƙa ja da baya, har ta zama kamar daga wata unguwa. Warin tsohon sabulu ya ƙare. Wani wari ya karɓe shi, irin na toka da aka watsa wa ruwa.

A sama dogon baranda ne, ƙofofi a rufe hagu da dama. Babu igiyar shanya. Babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Duk inda mutane suke a gidan nan za ki ji tari, ko rediyo, ko uwa tana yi wa yaro tsawa. Nan ko sauro babu.

Auta ta farka. Ba ta yi kuka ba. Ta dai manne a bayana, na ji ɗan jikinta ya sandare.

Ƙofar ƙarshe a sakaye take. Sallama ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ƙwanƙwasa da murfin.

Ƙwas. Ƙwas.

"Shigo, 'yata."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kamar a cikin kunnena aka yi ta.

Ɗakin duhu ne, sai ɗan jan haske ta wata taga da aka toshe da kwali. Tsohuwar tana zaune a lungu, lulluɓe da tsohon mayafi har ƙasa. Ban ga fuskarta ba. Gefenta tulin kwanuka ne irin namu, fes-fes, an jera su har sun kusa ƙugun mutum.

Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Hannu ya fito daga mayafin ya karɓa. Ya shige da kwanon ciki.

Sai na ji tauna.

Ƙurus. Ƙurus. Kamar ana taka busasshen kara.

Ba baki ɗaya ne yake taunar ba. Na ji ta a lungun da take, na ji ta a bayan ƙofa, na ji ta a saman kaina.

Na ce wa kaina amsa-kuwwar ɗaki ce.

Kwanon ya dawo gabana, a wanke, a bushe.

"Kin zo da ita," ta ce. "Sauko mini da ita in riƙe."

Zuciyata ta ce tashi. Amma na tuna jikar da ta mutu a baya. Na tuna dokar Nas. Na ji kunyar in yi wa tsohuwar da ta rasa komai rowar minti ɗaya.

Na kwance majanyin. Na zamo da Auta ta gefe.

Hannuwa biyu suka fito. Suna ta fitowa. Ita tana lungu ba ta motsa ba, ni ina tsakiyar ɗaki, amma yatsun sun iso gabana. Sanyinsu ya riga su isowa.

Na gani da idona, kuma na kasa tsayawa. Hannuwana suna miƙa ta da kansu.

Ni dai tun haihuwata ta fari, ban taɓa ɗaga yaro bakina a rufe ba. Ba tunani nake yi ba, sabo ne kawai. Ina ɗaga Auta, bakina ya faɗa da kansa.

"Bismillahi."

Hannuwan suka koma kamar an ɗiga musu tafasasshen mai. Tulin kwanukan ya rushe. Taunar nan ta tsaya cak, ko'ina.

Na rungume Auta a ƙirjina.

"Ba haka muka yi da ita ba," in ji muryar. Yanzu ba ta tsohuwa ba ce. "Ta ce ba za ki ambata ba."

"Wa?" na ce.

"Mai majanyin. Ta ba ni nata na riƙe, da hannunta. Rabinsa yana wurina. Ta ce in sakar mata shi, za ta aiko mini da wani a cikin zanensa."

Na ƙara ƙanƙame Auta.

"Mu ba ma ƙwace, 'yata. Hannu da hannu. Ai dokarku ce. Miƙo."

Mayafin ya fara tashi. Yana ta tashi, har ya taɓa rufin ɗaki, ya tanƙwaro.

Na tura Auta ƙarƙashin hijabina na juya. Wani abu ya cafke majanyin da ke rataye a ƙuguna. Na fizge, ya zame, na bar shi.

Baranda ya ƙara tsawo. Ƙofofin da na wuce a rufe duk sun buɗe. Ban kalli ko ɗaya ba. Daga kowace ana raɗa.

"Miƙo."

"Miƙo ta."

Na kama Ayatul Kursiyyu, ta tsinke mini a tsaka. Na sake kamawa daga farko. Wani sanyi ya shafi ƙafar Auta da ta leƙo ta ƙasan hijabi. Ta shiɗe.

Ba na ganin matakala.

Sai na ji kiran salla. Dattijon nan ne da ba a haska wa tocila, yana yi a tsakar gidan da dusasshiyar muryarsa. Na rufe ido na bi muryar. Ƙafata ta taka ƙarfe. Ban san yadda na sauko ba, sai dai na ji gwiwata ta daki siminti, warin sabulu ya cika mini hanci.

Ban tsaya a famfo ba. Ban tsaya wurin masu alwala ba. Na nufi get.

Uwar Biyu ba ta cikin mota. Tana tsaye ƙyam a bakin get, mai ciwon bayan, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Da ta hango ni ba fuskata ta duba ba. Ta leƙa bayana. Ta ga babu goyo, babu majanyi.

Kafaɗunta suka sauka. Na ga leɓenta ya motsa, na kuma ji da kunnena.

"Alhamdulillahi."

A daidai lokacin Auta ta tsala kuka daga ƙarƙashin hijabina.

Na sha ganin fuskar mutum ta canza, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta zame a jikin get ɗin ta zauna a ƙasa.

"Yaya," ta ce. "Yaya, ɗana ne. Yana tafiya ina kallo."

"Nonona ya sha," na ce. "Da kin faɗa mini, da mun tsaya gaban Allah tare."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Direba yana ta tambaya ko lafiya.

Washegari Nas ta sa maza suka hau. Suka tarar rufin ɗakin ƙarshe ya daɗe da rubzawa, ciyawa har ta fito. Babu alamar mutum ya taɓa kwana a wurin. Sai kwanukanmu a warwatse, da tarin ƙasusuwa farare tas, da shuɗin majanyi a ninke a tsakiyar ɗaki. Aka datse matakalar da kwanon rufi da ƙusa.

Kafin sati ya zagayo Uwar Biyu da mijinta suka kwashe kaya, ba su yi wa kowa bankwana ba. Ban san abin da ya faru da yaron ba. Ina sa shi a addu'a tare da nawa, don ɗana ne ta nono, kuma bai yi mini komai ba.

Auta ta girma, tana gudu tana ɓarna. Amma diddigenta na hagu har yau sanyi ne da shi, ko da jikinta ya yi zafi da zazzaɓi.

Ban daina kai abinci ba. Yunwar mutanen nan ta gaske ce. Sai dai kowace ƙofa na je, ina tsayawa in yi sallama da muryata duka, in jira a amsa. Nas ta ji, ba ta ce mini don me ba.

Hannuwan nan sun daina zo mini a mafarki. Abin da ya rage shi ne in na idar da salla na zo yin hamdala, wani lokaci sai in ji ta da muryar Uwar Biyu, a bakin get. Sai in yi shiru in jira ta wuce, sannan in faɗi tawa.