Mai Gyara Shafin Munduwa

Mu ma'aikatan gidan tarihi da na laburare wiki ɗaya muke rubutawa, wato kundin bayanai na intanet, kowa na iya gyara na kowa. Shafin wata tsohuwar munduwa da ke akwatin gilashinmu ne ya hana ni tashi ranar. In na rubuta "kyauta aka ba mu", sai wani ya goge ya sa "daga ƙafata aka cire". In mayar, ya sake.

Na kira shugaban laburare, don shi kaɗai ke iya kulle shafi.

"Malam, wani a wurinku yana raina mini hankali. Ka kulle."

"Tun da rana na kulle, ƙanwata," in ji shi. "Kuma gyaran daga kwamfutar zaurenku yake fitowa."

Duhu ya fara shiga, mai gadi ya fita. Na leƙa zauren, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni. Wata tsohuwa na zaune gaban kwamfutar da na kashe da hannuna. Hannayenta na kan cinya, amma haruffa sai fitowa suke.

"Iya, mun tashi," na ce da ƙyar.

"'Yar nan, ba ki gaji da gogewa ba?"

Tana gabana, amma daga bayana muryar ta fito. Na ja da baya. Ta miƙe ta nufo ni, taku ɗaya da ƙarar ƙarfe, ɗaya shiru.

Na dubi ƙasa. A ƙafar dama akwai munduwa irin tamu sak. Ta hagu kuwa, a idon sawu ta ƙare.