Farin Shafi a Littafin Momchil

"Ki ƙara wa Nevena miya mana, Ralitsa! Yarinyar nan duk ta rame a kan littafin mijinki."

Ralitsa ta ɗauki ludayi ta zuba miyar waken kamar yadda surukarta ta ce. Ranar Lahadi ce, sun taso daga coci sun zauna cin abinci a gidan surukar tata, Mama Stoyka, da ke garin Gabrovo. Mijinta Momchil yana gefe, sun haɗa kai shi da Nevena a kan wata 'yar na'urar karatu.

"Ka ga abin da na gaya maka? Sai an cusa haruffan a cikin fayil ɗin, in ba haka ba kowace na'ura son ranta za ta yi," in ji Nevena.

"Kai! Ke dai kanki yana ja," Momchil ya ce yana dariya.

Dariyar nan ta soki Ralitsa har cikin ƙashi. Duk unguwa an san Nevena 'yar aminiyar Mama Stoyka ce, kuma ita tsohuwar ta so ɗanta ya aura. Shi kuwa ya tsallake ya ɗauko Ralitsa, 'yar ƙauye mai aikin gasa burodi, wadda ko jami'a ba ta leƙa ba. Shekara takwas ke nan, tsohuwa ba ta huce ba.

Momchil malamin makaranta ne. Shekara shida ya yi yana hawa ƙauyukan kan dutse yana rubuta labaran tsofaffi. Da ya gama, ya ce littafin na'ura zai yi, don dangi sun watse, wasu Jamus wasu Sifen. A nan rigima ta fara. Manhajar da ya soma gwadawa ta fito da littafi tsaf a kwamfutarsa, amma a wayar ƙaninsa duk haruffan suka koma ƙananan akwatuna. Ta biyu ta gyara haruffa, sai hotunan tsofaffin suka hau kan rubutu. Ta uku ma bai gane gabanta da bayanta ba. Sai Mama Stoyka ta ce, "To ga Nevena, ai sana'arta ce." Tun daga ranar, kullum aka tashi makaranta ofishin Nevena yake wucewa.

"Wata uku ana gyaran littafi?" Gergana, yayar Ralitsa, ta faɗa washegarin Lahadin nan da ta zo gidan ƙanwar tata. "Ko gada ake ginawa ai an gama! Rali, ke wace irin sakara ce?"

"Yaya, ki bari. Aiki suke yi."

"Aiki! Tsohuwar nan dafa ki take yi da ruwan sanyi. Ki buɗe ido!"

Ba a yi kwana uku ba Momchil ya shigo da murna, ya karɓi tsohuwar na'urar karatun Ralitsa, wadda ya saya mata tun suna saurayi da budurwa, ya zuba mata kwafin gwaji.

"Ke ce ta farko da za ki gani. Ki fara daga shafin farko, kin ji? Kada ki tsallake!" Ya ɗauki jakarsa ya fice makaranta.

Ta zauna a kicin da gari a hannunta, ta buɗe. Bango ya fito da sunansa. Ta latsa. Shafi na biyu fari fat, babu ko ɗigo. Ta sake latsawa, sai ga rubutu ɓaro-ɓaro: "Godiya ga Nevena, wadda ba don ita ba da wannan littafi bai ga rana ba."

Ta koma baya. Fari. Ta dawo gaba. Nevena. Ta bi littafin har ƙarshe tana neman sunanta, ko da a gefen shafi ne, babu. Ashe abin da yake so ta gani ke nan? Hawaye suka ɓalle mata. Ta tuna duk asubahin da ta fita cikin ƙanƙara zuwa gidan burodi don shi ya samu sukunin rubutu. Ta kira Gergana tana shessheƙa.

Gergana ta iso kamar an jefo ta. Ta duba na'urar, ta tafa hannu.

"Ban gaya miki ba? Wurin sunanki ne aka share! Ga kwamfutarsa can a buɗe. Goge littafin gaba ɗaya, ki haɗa kayanki mu tafi gida. Ya je Nevena ta sake rubuta masa!"

Ralitsa ta zauna gaban kwamfutar. Ga fayil ɗin, aikin shekara shida, muryoyin tsofaffin da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Yatsanta yana kan maɓalli. Zuciya tana cewa latsa.

"Latsa mana!"

"A'a, Yaya." Ta janye hannunta. "Tsofaffin nan ba su yi mini komai ba. In ma zan tafi, sai na ji daga bakin Nevena."

Ta wanke fuska, ta sa na'urar a jaka. Da ta zo wucewa ta ƙofar coci ta shiga ta kunna kyandir ɗaya, ta roƙi Allah Ya riƙe mata harshenta.

Ofishin Nevena ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. A kan dogon teburi an jera na'urori bakwai, manya da ƙanana, har da waya mai fasasshen gilashi.

"Ralitsa! Lafiya? Idonki ya yi ja."

Ralitsa ta ajiye na'urarta a gabanta. "Ba faɗa na zo yi ba. Ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah, me ke tsakaninki da mijina? Me aka goge a nan?"

Nevena ta dubi farin shafin, ta dafe kai.

"Wayyo, Momchil! Sau nawa zan gaya wa mutumin nan? Zo nan, Rali. Zo ki gani da idonki."

Ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya tana buɗe shafi na biyu. A kan shida daga ciki, ga rubutun hannun Momchil, karkatacce kamar sawun kaza: "Ga Ralitsa, wadda take fita tun gari bai waye ba tana gasa wa mutane burodi don ni in zauna in yi rubutu. Duk shafin da ke nan guminki ne." A kan ta bakwai, tsohuwa irin tata, shafin fari ne fat.

"Da hannu ya rubuta, ya ɗauki hotonsa ya saka," in ji Nevena. "Na ce masa tsofaffin na'urori ba sa nuna irin wannan hoton, ya buga shi da haruffa kamar sauran. Ya ce a'a, sai matarsa ta ga hannunsa. Mako biyu muna wannan musun! Ni kuma, in kina son sani, a lokacin kaka mai zuwa zan auri wani. Mama Stoyka kaɗai ce ba na son gaya wa, kada ta suma."

Ralitsa ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya. "Ki yafe mini, Nevena. Na zarge ki."

"Sha ruwa dai tukuna."

Ana cikin haka Momchil ya shigo. Da ya ji abin da ya faru, da abin da ya kusa samun littafinsa, sai ya nemi kujera ya zauna.

"Rali, kina nufin wata uku kina cikin wannan ƙuncin ban sani ba?"

"Kai littafi kake kallo, ba ni ba."

Ya sunkuyar da kai. "Laifina ne. Kuma ina jin abin da Mama take miki, ina yin shiru. Ya ƙare daga yau."

"To ka buga shi da haruffa," ta ce tana share ido, "yadda kowace na'ura za ta nuna. Takardar da ka rubuta da hannu kuwa ka ba ni, tawa ce."

A ranar aka gyara, aka gwada a na'urori bakwai duka. Daga nan Momchil ya kama hannun matarsa suka wuce gidan mahaifiyarsa. Ya miƙa mata na'urar.

"Mama, ki karanta shafi na biyu. Da ƙarfi."

Tsohuwa ta sa tabarau ta duba, ta ce, "Haruffan sun yi ƙanana, ba na gani."

"Kawo in taimake ki, Mama," in ji Ralitsa cikin ladabi. Ta latsa, ta latsa, har sunanta ya cika allon daga gefe zuwa gefe.

Mama Stoyka ta karanta har ƙarshe. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen riga. Sannan ta jawo kujerar da ke kusa da ita.

"Zauna nan, 'yata. Ashe ke kika ɗauki nauyin yaron nan duk shekarun nan."

'Yan'uwana mata, kishi tsohuwar na'ura ce: abin da aka rubuta dominki sai ya ɓoye shi, abin da zai ƙona ki kuwa ya nuna miki da manyan baƙaƙe. Da Ralitsa ta latsa maɓallin nan, da ta rushe gidanta a kan shafin da yake ɗauke da yabonta. Kafin ki yanke hukunci, ki yi haƙuri ki je ki tambaya. Allah Ya ba mu ikon danne zuciya a lokacin da take tafasa.