Jinin Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Nana Hafsat ta sake duba takardar, karo na uku.

Lamba arba'in da bakwai. Namiji. Shekara talatin da huɗu. Mai sayar da janareto a unguwar PZ.

Shekaru da sana'a duk irin na Ameer ne, wanda za ta aura!

A ɗakin gwajin nan na Samaru inda take binciken digirinta na biyu, ba a rubuta suna a jikin kwalbar jini, sai lamba. Jinin waɗanda suka tsira daga bugun zuciya ake kawowa, ita kuma ta auna wani sinadari da zuciya ke zubarwa cikin jini idan ta jigata. In ya yi ƙasa, ana sa ran za ta farfaɗo. In ya yi sama, alama ce nan da 'yan watanni tana iya kasa harba jini.

Na wannan kwalbar ya zarce na kowa.

"Bibiana..." ta kira nas ɗin da ke ɗebo musu jinin daga asibiti. "Wannan na wane ne?"

"Haba Nana, ke da kika san doka?"

"Ran goma ga wata aka kwantar da shi. Ranar ce Ameer ya ce min ya tafi Legas saro kaya, kwana biyar wayarsa a kashe. Dube ni, Bibi!"

Bibiana ta ƙi ɗagowa, ta ci gaba da jera kwalabe.

"Abeg, kar ki ja a kore ni. Ni dai da ni ce saura sati uku bikina, wallahi ko rigar aiki ba zan tsaya cirewa ba."

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen Basawa lokacin da keke ya sauke ta a PZ. Daga nesa ta hango shi, shi da wani mai saye sun kinkimo janareto za su saka a mota.

"Ajiye! Ameer, ajiye na ce!"

Ya dire yana haki, yana ƙoƙarin murmushi. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Hasken idona, lafiya?"

"Legas ɗin taka, gado mai lamba nawa suka ba ka?"

Murmushin ya ɓace.

"Olsa ce fa kawai, ta ɗan..."

"Ni za ka ce wa olsa? Ni da jininka ya biyo ta hannuna?" Hawaye ya ɓalle mata. "Ina magungunan da aka ba ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Hajiyarmu ta kwashe. Ta ce na warke, ga 'yan uwa sun fara cika gida, kar a ga ango da ledar magani a kai labari gidanku."

"Kwana nawa?"

"Sha shida."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

"Tsoro na ji, Nana. Wa zai ba mai ciwon zuciya 'yarsa?"

Sai suka ji tafi daga cikin shago. Zubaidatu ce, 'yar ƙanwar Hajiyarsa, wadda aka so haɗa su ya ƙi. Ta fito riƙe da kular abincin da ta kawo masa, tana yatsina.

"Sannu likita bokan Turai. To ai kin makara, tun safe na gaishe da babanki, na ba shi labari. Mu dai namu ne, ko a kwance muna so. Ke kuwa sai ki koma ki auri kwalabenki."

Ruwa ya kece kafin ta isa gida. Ta tarar da Baba zaune a falo, rediyo a kashe, Mama na gefe idonta jawur.

"An fasa auren," ya ce, ko amsa sallamarta bai gama ba. "Mutanen da suka ɓoye mini wannan, me kuma ba za su ɓoye ba?"

Ta zube a gabansa, jiƙe sharkaf.

"Baba, don girman Allah..."

"Ke ce mai karatun. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, yaron nan zai yi rai?"

Ƙarya ta zo mata har baki. Kalma ɗaya ce, Baba zai yarda, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Baba. Jinin bai nuna alheri ba. Amma ba ya faɗin ranar mutum, cewa yake a yi hanzari. In na bar shi, a gidan da ake ɓoye masa magani zan bar shi."

"In kuma ya bar ki da takaba kina 'yar ashirin da biyar?"

"Na ɗauka. Da sanina."

Mama ta fashe da kuka. Baba ya dubi ruwan da ke zuba ta taga, sannan ya ce:

"Ya zo da ƙafarsa ya faɗa mini da bakinsa. Ya koma wurin likita. Sannan in ga uwarsa."

Ya zo. Ya durƙusa ya faɗi komai, har da abin da ba a tambaye shi ba. Hajiya ta fito da ledar daga ƙasan adaka tana sharar hawaye. Hoton zuciya ya nuna ta riga ta fara rauni, likita ya ƙara magunguna, ya hana shi ɗaukar kaya, bai kuma yi musu alkawarin komai ba. Ita kuwa Nana, da kanta ta faɗa wa malaminta ta karya dokar sirrin masu jinin, ya cire ta daga binciken.

Ranar Asabar aka ɗaura aure.

Da la'asar suka iso wurin walima a Sabon Gari, ya riƙe hannunta, dangi na biye ana guɗa. Matakala shida ce kacal zuwa ƙofar zauren.

A ta huɗu ya tsaya.

Ta ji yatsunsa sun yi sanyi, numfashinsa na fita guntu-guntu. A sama Zubaidatu na tsaye ta zuba musu ido.

Nana ta durƙusa a hankali, ta kama igiyar takalminta kamar ta kwance.

"Kai, amarya da yanga!" wata gwaggo ta faɗa, aka kwashe da dariya.

"Huta, mijina," ta raɗa ba tare da ta ɗago ba. "Igiyar nan ba za ta ɗauru ba sai ka ce mu tafi."