Notin Ƙarshe

Aikina kula da gadar katakon da jirage ke tsayawa a bakin tafki. Kankare gansakuka, kwashe kainuwa, shafa wa sarƙoƙi giris, canza tayoyin da ke tare jirgi kada ya daki katako. Kawuna ne ya koya min, kuma har ranar da abin nan ya faru tare muke yi.

Ɗaure noti aikin mutum biyu ne. Ni ina sama da sifana, Kawu yana ƙarƙashin gada a kwalekwale, yana riƙe notin kada ya juya. Kunnensa ya yi nauyi, ko ihu ka yi sai dai ya ce maka "Amin". Don haka da guduma muke magana, shi kuma ya ɗora tafin hannu a katako ya ji. Bugu ɗaya, riƙe. Bugu biyu, an gama, matsa gaba. In aka yi ta bugu ba tsayawa, to fito, akwai matsala.

Ran nan manajanmu ya matsa sai mun gama kafin jirgin safe. Rana ta yi ja, masunta duk sun watse.

"Kawu, mu bari sai gobe mana."

"Ragon banza," ya ce yana ɗaura igiyar kwalekwale a dirkar gada ta farko. "Ni da na tsufa ban gaji ba, sai kai mai cin kwano biyu?"

Ya sunkuya ya shige.

Da farko komai daidai. In buga, in jira ya gama tarinsa da mitarsa, sannan amsa ta zo. Kawu bai taɓa yin sauri ba a duniya.

Muna wuce tsakiyar gada, amsa ta fara zuwa tun ban ɗaga guduma ba.

Ƙwas.

Na ɗaure. Notin ko motsi bai yi ba, kamar an kama shi da walda. Na yi dariya na ce yau tsoho ya tuna ƙuruciya. Ƙwas ƙwas. Na matsa gaba.

Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na rasa me ke damuna, sai can na gane: kwaɗi sun yi shiru. Ruwan ma ya daina lasar dirkoki. Wani wari yana tasowa ta tsakanin katakai, warin taɓon can ƙasa, irin wanda ke biyo anga in an ɗago ta.

Kuma tun ɗazu ban ji tari ba.

Saura noti ɗaya, na katakon ƙarshe, inda ruwa ya fi zurfi. Na sa sifana. Sai na ji tarin Kawu.

A bayana. Can nesa, wajen tsakiyar gada.

Na kwanta rub da ciki, na kara ido a tsagar katako.

Babu kwalekwale. Hannu ne ya fito daga ruwa, dogo, tsawonsa ya kai filafilin tuƙa kwalekwale. Gansakuka ta lulluɓe shi. Yatsu biyu ne suka riƙe notin, ba sifana.

Ɗaya yatsan ya lanƙwashe, ya ƙwanƙwasa katakon daidai ƙirjina.

Ƙwas.

Yana jira in ɗaure.

Bakina ya kama addu'a. Na ja baya da gwiwa. Sai bugun ya bar wajena, ya bi ƙarƙashin gada, ya koma can inda Kawu yake. Ƙwas ƙwas. Matsa gaba. Na ji kwalekwale ya goga dirka. Ƙwas ƙwas. Ya sake matsowa.

Kiransa yake yi. Shi kuma Kawu ya ɗauka ni ne.

"Kawu! Kada ka zo!"

Ina! Wa zai ji?

Na ɗauki guduma na shiga dukan katako ba tsayawa. Abin ya tsaya cak. Sannan ya ci gaba da nasa, a natse, bibbiyu, ya fi nawa ƙarfi har gadar tana rawa.

Kwalekwale ya sake matsowa.

Na jefar da guduma na ruga bakin gada. Igiyar tana zarewa daga dirka kamar maciji. Na cafke ta. Ta yanke min tafi. Na taka dirka na ja, aka ja daga can. Na ja, aka ja. Ina kuka ina kiran sunan Allah, ban ma san ina yi ba.

Sai aka saki.

Na faɗi da baya. Kwalekwale ya fito a guje, rabinsa ruwa, Kawu a kwance ciki. Hannun rigarsa na dama ya jiƙe har kafaɗa, da shatin yatsu kore a wuyan hannun.

Na ciccibo shi. Ya dube ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kai ne ka riƙo hannuna?"

"A'a, Kawu."

Ko da na faɗa a hankali, ya ji. Ya gyaɗa kai.

Tun daga ranar bai sake taka bakin tafki ba, ni na hana. Notunan da aka riƙe min a yammacin nan har yau ba su yi tsatsa ba, kuma ba sifanar da ke kwance su. Katakon ƙarshe kuwa yana nan yana girgiɗi. Manaja ya yi faɗa har ya gaji, na ce ya nemo wani ya ɗaure.

Kunnen Kawu ya buɗe, mutane suna ta yi mana barka. Ni ban yi murna ba. Kullum in rana ta yi ja sai ya bar abin da yake yi, ya ɗora tafi a ƙofar ɗakinsa, ya kasa kunne.

Jiya na tarar da shi yana lalube ƙarƙashin gado, inda na ɓoye gudumarsa.

"Ɗan nan," ya ce, bai ko waiwayo ba, "bawan Allah yana can riƙe da noti har yanzu. Ai ba a barin abokin aiki a ƙasa."