Rigunan da ke kan igiyar Assunta

Assunta na zaune a ƙofar gida da katako a kan cinya, tana lotsa ƙullin taliya da babban yatsa, sai ga 'yarta Loredana ta dawo daga banki fuska a ɗaure. Ba sai an tambaya ba. Wannan watan ma ba abin da ya shigo.

Tun da Oronzo ya rabu da Assunta ya koma birnin Bari da sabuwar matarsa, kotu ta yanke masa abin da zai riƙa ba ta duk wata. Baiwar Allah a hidimar gidansa ta ƙarar da ƙuruciyarta, ba aiki ba fansho, da wannan kuɗin kuma take biyan hayar ɗakuna biyun nan na ƙasan bene. To tun kakar zaitun Oronzo ya ɗauke hannu, har mai gidan hayar ya fara gaisuwa da wata irin murya.

Hujjar Oronzo kuwa ita ce wai Assunta ta ajiye namiji a gida, matar da ta zauna da wani kuma ba ta da sauran haƙƙi a kansa. Shaidarsa shanya ce. A lungun nan igiyar shanya ita ce jarida, a nan ake karanta wa ta haihu, wa ke makoki, mijin wa ya dawo daga teku. Kuma ba ƙarya, duk Asabar sai an ga rigunan maza suna kaɗawa a igiyar Assunta. Wani sarkin gulma ya ɗauki hotonsu ya tura masa. Yanzu dai magana ta sake komawa kotu, ana jiran ranar zama.

Loredana ta san rigunan sarai. Na Oronzo ne da kansa, tsofaffin da ya bari a kabad ranar da ya fita. Bayan an fasa gidan wata maƙwabciya ne aka ba Assunta shawarar ta riƙa shanya kayan namiji, don ɓarayi su ɗauka akwai mai gida. Da haka ta fara. Amma Loredana na ganin yadda uwar ke daɗewa a kan wuyan kowace riga in tana guga, ta san ba tsoron ɓarawo ne kaɗai ba.

"Mama, ki bar ni in faɗa wa lauya rigunan waye, magana ta ƙare."

"Su ji cewa har yau ina wanke wa wanda ya yar da ni riga? Gara a watso mini kaya titi, 'yata. Ki rantse mini ba za ki faɗa wa kowa ba."

Ta sa ta rantse a gaban hoton Maryamu da ke kan bango. Loredana ta rantse tana hawaye, don ta san abin da rantsuwar za ta ci mata.

Ai kuwa maganar ba ta tsaya a kotu ba. An sa bikin Loredana da Cosimo, mai gyaran injin jiragen kamun kifi, bayan Ista. Da labarin rigunan ya kai kunnen uwarsa, Donna Palma, sai ta aika wa tela ya dakata da ɗinkin kayan amarya, ta ce ita ba za ta haɗa zuri'a da gidan da ƙato ke kwana ba aure ba. Donna Palma in ta kafe, ko Fadan coci sai dai ya yi mata addu'a.

Cosimo ya sami Loredana a bakin gaɓa da yamma. Sau ɗaya tak ya tambaye ta ko akwai abin da ya kamata ya sani.

"Akwai," in ji ta, "amma ba nawa ba ne balle in ba ka."

Ya dubi ruwa, sannan ya ce to shi kenan, Lahadi a saka da shi a abincin rana, kuma a ƙara tumatir a miyar don ta makon jiya ta yi masa tsululu. Ta kai masa duka a kafaɗa tana dariya tana kuka.

Haka ya riƙa yi. Duk Lahadi bayan coci zai ratso lungun da kifi a leda, yana gaida matan da ke leƙe ta taga kowacce da sunanta, ya shige gidan Assunta ido na ganin ido. Bai sake tambaya ba. Loredana tana son sa tun da can, amma a waɗannan makonni ne son ya kai ta har tana jin tsoro.

Lahadin ƙarshe kafin zaman kotu, Assunta na zuba masa taliya sai idonta ya sauka a kan rigarsa. A cukurkuɗe take, kamar an ciro ta daga bakin akuya. A garin nan kuwa ɗan da uwarsa ke da rai ba ya fita da riga ba guga.

"Cosimo, Donna Palma ta daina yi maka guga?"

Ya sosa kai ya ce dutsen gugar ne ya lalace. Assunta ta ajiye ludayi a hankali. Ta gane cewa uwar ta juya masa baya gaba ɗaya, kuma yaron nan yana shan wannan ne saboda wani sirri da bai ma san mene ne ba. Ta dubi 'yarta da ta rame, ta ji kunyar da ta fi wadda take gudu.

Ranar kotu lauyan Oronzo ya nuna hoton shanya, ya yi ta zuba. Oronzo na gefe yana kallon silin. Da alƙaliya ta tambayi Assunta ko tana da abin cewa, sai ta buɗe jakarta, ta ciro wata shuɗiyar riga daga cikin na hoton a ninke tsaf, ta miƙa wa tsohon mijinta.

"Juya wuyan, Oronzo."

Ya juya. Ga harufan sunansa nan da jan zare, ɗinkin marigayiya mahaifiyarsa, irin wanda take yi wa duk rigar da ta saya masa. Ya shafa zaren da yatsa, kunnuwansa suka yi ja.

Alƙaliya ta ce ko da zargin nasa gaskiya ne, ba shi da hurumin tsayar da kuɗi da kansa sai kotu ta duba. Ta umarce shi ya biya duk abin da ya taru, nan gaba kuma kamfanin da yake wa aiki ne zai riƙa cirewa daga albashinsa kai tsaye a tura wa Assunta.

A bakin matakala Oronzo ya biyo ta da rigar a hannu, yana in-ina, wai bai sani ba, wai ta karɓa.

"Riƙe abarka," ta ce, ba faɗa ba ɗaga murya. "Ta bushe."

An yi dariyar a lungu, ba a ce ba a yi ba, amma ba ta kai mako ba aka koma gulmar wata. Donna Palma da ƙafarta ta zo da faranti na biskit ɗin 'ya'yan itacen almon, ta zauna ta sha kofi, ta yi ta yabon tsaftar ɗakin. Ba ta iya cewa a yafe mata ba, sai dai ta ce tela yana jiran Loredana gobe.

Neman haƙƙi ba abin kunya ba ne, wanda ya ɓoye gaskiya don gudun dariyar mutane kuwa sau da yawa na kusa da shi ne ke biyan kuɗin. Kuma masoyin da ya tsaya da ke alhali bai san dalili ba, shi ne na riƙewa.

Asabar ɗin da ta biyo baya, matan lungu suka leƙo kamar kullum. Akwai rigar namiji a igiyar Assunta, guda ɗaya, da tabon man inji a hannu. Assunta ta ɗaga kai ta ce musu, "Ta surukina ce. Mai son hoto ya ɗauka."