Jar Takarda a Ƙofar Pan

Ina wanke tukwane a rumfar taliyata a kasuwar Huwei aka zo aka ce in bar komai in taho gida. Mijina Wen-de ya saba kwanciya a bakin gareji bayan abincin rana don iska. Ƙofar ƙarfen garejin ce, mai aiki da rimot, ta sauko masa a ƙirji ta kashe shi. Mai kawo wasiƙu ya gan shi ya kira 'yan sanda, layin kuwa ba kowa saboda zafi.

Ƙofar tana da idanu biyu na lantarki a ƙasa, in abu ya gitta sai ta tsaya. An iske an kwance su an ɗaure su suna kallon juna can sama. Ƙanena A-Kun ne ya gyara su tare da rimot ɗin a watan da ya wuce, don haka shi aka kama. Dangin mijina suka daina amsa gaisuwata.

Sufeto Yeh mace ce gajera, ba ta murmushi. A gabana ta tambayi A-Kun.

"Kai ka ɗaure su?"

"Ni? In makantar da ƙofar yayata? Allah ya kiyaye!"

"Rimot nawa ka saita?"

"Biyu na gani. Amma injin ya nuna uku ya sani."

Ta duba wayarsa, ta kira wani kanti a Douliu, suka ce ran nan yana can kan tsani yana musu aiki har la'asar. Ta juyo kaina.

"Inna, naki fa?"

Na zaro shi daga aljihu. Ta tambayi masu rumfunan gefena, suka ce ban motsa ba. Na Wen-de yana rataye a babur ɗinsa.

"Na ukun?"

Sai da na yi tunani. Bara da za mu je wurin 'yarmu, Wen-de ya ba maƙwabcinmu Pan shi don ya riƙa ba tsirrai ruwa. Daga baya suka ɓata, don Wen-de ya kai ƙarar ɗakin tantabarun da Pan ya gina a saman bene, aka zo aka rushe.

Pan ya tarbe mu da shayi. Shi kaɗai yake zaune.

"Matar yaya, sannu da haƙuri. Ɗan banzan rimot ɗin nan ai tuni na mayar masa."

"Ina kake ran nan?" in ji Yeh.

"Bakin teku, wurin abokai. Tun safe. Sai da magariba na dawo na ji."

"Wa ke da makullin gidanka?"

"Tantabaru ne, su ma an kore su."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye hoto a kan tebur, wanda ɗan sandan farko ya ɗauka da isowarsa. Ga Wen-de a ƙasa. Ga ƙofofin layin duk babu komai. A ta Pan kaɗai akwai jar takarda, irin wadda muke liƙawa in an yi mutuwa kusa don kada abin ya shigo mana.

"Sauran maƙwabta da yamma suka liƙa tasu," ta ce. "Kai kana bakin teku, wa ya gaya wa ƙofarka an yi mutuwa?"

Pan ya ajiye kofinsa.

Yeh ta ce da rimot ɗin ya shiga lokacin da ba ma nan ya ɗaure idanun, ya jira Wen-de ya yi barci, ya danna daga tagarsa. Ba 'yan sanda ya ji tsoro ba. Kurwar mamacin ya ji tsoro, ya kasa jira har yamma. A cikin buhun abincin tantabaru aka samo rimot ɗin.

Aka saki A-Kun, ya mayar da idanun inda suke.

Kullum da safe ina goge su da tsumma. Sai in ajiye silifas ɗin Wen-de a bakin ƙofa in danna. Ta sauko, ta gan shi, ta koma sama.